Tantance ADHD ga babba a asibitin gwamnati a Abuja: wace ƙofa ake fara bugawa?

Dan_Kubwa34:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Tambaya gare ni ga likitocinmu da sauran ma'aikatan lafiya. Babban mutum ne mai shekara 34, ma'aikacin gwamnati, yana zaune a Kubwa, yana da katin inshorar NHIA, yana son a duba shi a tabbatar ko yana da ADHD, wato matsalar rashin tattara hankali da yawan motsi, ko babu. Asibitin kuɗi ba ya cikin lissafi. Tsakanin Asibitin Ƙasa, da asibitin koyarwa na Gwagwalada, da Babban Asibitin Karu, ina ya fi dacewa ya nufa? Ko ya hau jirgin ƙasa ya tafi asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna a yi ta ta ƙare? Ya cike fom ɗin nan na intanet mai tambaya shida, biyar sun hau kansa.

Sista_Nyanya:
Wa alaikumus salam. Malam, tunda da alama kai ne babban mutumin, bari in yi da kai kai tsaye. Kafin a kai ga zaɓen asibiti, mai inshora ƙofarsa ta farko ita ce asibitin da aka rubuta a katinsa. Can za ka ga likitan gama-gari, ka faɗa masa ƙarara cewa kana son a tura ka wurin likitan ƙwaƙwalwa don a tantance ADHD. Shi zai rubuta takardar turawa, teburin inshora ya nemo lambar izini daga kamfanin HMO ɗinka, wato wanda ke kula da inshorarka. In ka tsallake wannan ka tafi da ƙafarka za a karɓe ka, amma daga aljihunka za ka biya. Kuma ka karanta takardar kafin ka bar wurin. In aka rubuta mantuwa da gajiya kawai, sau da yawa sai a ɓuge da gwajin maleriya da taifot, a sallame ka da maganin ƙarin jini.

Dan_Kubwa34:
An kama ni, Sista. Na gode.

Dr_Natsuwa:
Fom ɗin da ka cike sunansa ASRS, na Hukumar Lafiya ta Duniya ne. Tambayoyinsa 18, shidan farko su ne rariyar, kuma in huɗu daga cikinsu suka faɗa a gurbin da aka yi wa duhu ana cewa ya kamata a bincika. Iyakarsa ke nan. Mai ciwon damuwa, da wanda ba ya samun barci, da mai shan wiwi, duk suna iya samun biyar ko shida a kai.

Abin da likita zai nema ya fi haka yawa. A littafin DSM-5 na 2013, wato ma'aunin da likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka suka fitar, alamomin 18 ne: tara na rashin tattara hankali, tara na rashin zama wuri ɗaya da garaje. Yaro sai ya cika shida a ɓangare ɗaya, wanda ya kai shekara 17 kuwa biyar sun isa. Dole su kai wata shida suna nan, su bayyana a wuri biyu ko fiye, misali ofis da gida, su kuma zama suna ɓata wa mutum al'amura da gaske. Sannan babban sharaɗin da mutane ke tuntuɓe a kai: wasu daga cikin alamomin sun fara tun kafin shekara 12. Wanda ya tashi lafiya lau, ya gama jami'a cikin natsuwa, sai shekara uku da suka wuce hankalinsa ya fara watsewa, wani abu ne daban ke damunsa, kuma shi ya kamata a nemo.

Duk wuraren da ka lissafa suna da likitocin ƙwaƙwalwa. Don haka ni ba sunan asibiti zan fara tambaya ba, sai dai wa zai zauna da kai, kuma minti nawa zai ba ka.

Ummu_Gwarinpa:
Asibitin Ƙasa mana. Daga Kubwa hanya ɗaya ce miƙaƙƙiya har cikin gari. Me zai kai mutum Gwagwalada?

Mai_Fayil:
Hajiya, kusa ba ita ce kaɗai magana ba, amma tana da nauyi, don ba zuwa ɗaya ba ne. Ga yadda tsarin yake a manyan asibitocin tarayya. Ranar farko buɗe fayil ne da biyan kuɗin kati, ko a kai takardar inshora a buga mata hatimi. Wanda ba shi da takardar turawa sai ya bi ta GOPD, sashen likitocin gama-gari, tukuna. Daga nan a ba ka ranar kilinik ɗin ƙwaƙwalwa, kuma ba kowace rana ake ganin sababbin marasa lafiya ba. Ran da ka zo, wanda zai fara ɗaukar tarihinka yawanci likita ne mai neman ƙwarewa, shi zai gabatar da kai ga kwansaltan, wato babban likitan sashen. In an ga buƙata a tura ka wurin masanin halayyar ɗan Adam, wannan ma wata ranar ce, sau da yawa da nata kuɗin. Ka lissafa zuwa uku zuwa huɗu kafin a ce maka ga abin da aka gani.

Shawarata, kafin a rubuta sunan asibiti a takardar turawa, ka je da kanka teburin nas na sashen ka yi tambaya uku: wace rana ake ganin sababbi, ana tantance ADHD ga manya ko yara kawai, kuma akwai masanin halayya da ke aiki a sashen yanzu haka. Nas ɗin kilinik ta fi kowa sanin amsar. Lambar izinin inshora da sunan asibiti ɗaya ake fitar da ita, in ka canza ra'ayi sai an sake nemo wata.

Baba_Zuba:
Ni dai ina mamaki. A zamaninmu yaro mai ƙiriniya bulala ce maganinsa, ya girma ya natsu. Yanzu har gandarerren magidanci ya ce yana da ciwon ƙiriniya? Waya ce ta cinye muku hankali. Ku ajiye ta ku gani.

Malama_Halayya:
Baba, Allah ya ƙara girma. Maganarka ta waya tana da ƙamshin gaskiya, kuma cikin tambayoyin da ake yi har da awa nawa mutum ke yi a kanta da ƙarfe nawa yake kwanciya. Shi ya sa ake komawa yarinta, lokacin da babu wayar. Amma abin bai tsaya ga yara ba. DSM-5 ya ƙiyasta kusan kashi 5 cikin 100 na yara da kusan kashi 2.5 na manya. Abin da ke faruwa shi ne guje-gujen da hawa katanga suna lafawa da girma, su koma rashin sukuni a cikin rai, katse mutane ana magana, kashe kuɗi ba shiri, fara aiki biyar ba a gama ɗaya ba. Bulala tana koya wa yaro ɓoyewa, ba ta gyara masa tattara hankali.

Dan_Kubwa34, ka shirya wa sashen yarintar nan tun yanzu, don nan ne tantancewa ta fi tsayawa cak. Akwai tsararriyar hira mai suna DIVA-5, 'yan Holan ne suka tsara ta. Tana bin alamomin 18 ɗaya bayan ɗaya, kowace a tambaye ka yanzu, a kuma tambaye ka tsakanin shekara 5 da 12. Tana cin awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi. An fi son ka zo da wanda ya san ka kana yaro, da kuma wanda ke zaune da kai yanzu, wato maiɗakinka in kana da aure.

A nan al'adarmu ke shigowa. In kai ɗan fari ne, mahaifiya tana iya zama ta yi shiru saboda kunyar ɗan fari, ko ta ce lafiyarsa ƙalau ta ja bakinta. In an ba da kai riƙo, wadda ta riƙe ka ita ce shaidar, ba wadda ta haife ka ba. Goggo, ko yaya mace da ta girme ka da shekara shida zuwa sama, sun fi sakin baki. Wani abu kuma, ADHD yana bin jini sosai, don haka uwa ko uba da ke da irin halin za su ce ai duk yara haka suke. Kada a tambaye su wai yana da matsala? A tambaye su abin da ya faru: sau nawa aka aike shi kasuwa ya dawo ba saƙon, ana kiran ku makaranta a kansa, yana zama ya wanke allo ya rubuta ko sai an tsare shi, takalmi da jaka nawa ya yar. In ba za su iya zuwa Abuja ba, a kira su a waya a gaban likita. Takardun sakamakon firamare ma a nemo, ba don maki ba, don abin da malamin aji ya rubuta a ƙasa.

Ummu_Gwarinpa:
Wannan batu na ɗan fari gaskiya ne wallahi. To mata fa? Yarinya ba ta hawa katanga.

Malama_Halayya:
Shi ya sa ake yawan tsallake su. Ita takan zauna shiru a aji amma hankalinta yana wani gari, a ce mata mai shiririta ko mai sanyin jiki. Sai ta yi aure hidimar gida da yara da aiki sun haɗu, abin ya fito fili, a kira shi ƙazanta ko rashin tarbiyya. Ga mace sai an duba ƙarancin jini da barcin mai shayarwa tukuna, kuma in tana da ciki ko tana shirin ɗauka ta faɗa tun farko, don yana canza maganar magani.

Dr_Natsuwa:
Ƙari a kan wannan, kuma yana da alaƙa da zaɓen wuri. Tsohon kundin cututtuka na Hukumar Lafiya ta Duniya, ICD-10, ya sa abin a lamba F90, yana neman a ga rashin tattara hankali da yawan motsi tare, kuma su fara da wuri, wajen shekara bakwai. Sabon, ICD-11, ya fara aiki a Janairun 2022, lambar ta koma 6A05, ya yarda da nau'in da rashin tattara hankali ne kawai ya rinjaya, ya kuma ɗaga shekarun zuwa 12. Wanda ke auna ka da tsohon ma'auni zai iya cewa ai kana zaune a kujera lafiya, ba ka da komai. Ba laifi ba ne ka tambaya cikin ladabi da wane ma'auni aka duba ka.

Dan_Lamingo:
Ku 'yan Abuja kuna da zaɓi har kuna ruwan ido. Mu a Jos mafi yawa asibitin koyarwa na JUTH ake nufa a Lamingo, ma'aikatan jiha kuma ta inshorar jiha, PLASCHEMA, suke bi. Amma abin da zan ƙara ya shafi kowa: a asibitin koyarwa likitocin da suka fi sabawa da ADHD su ne masu kula da ɓangaren yara da matasa. Babba yana iya roƙon a haɗa shi da kwansaltan da ke duba wannan ɓangaren, ko a nemi ra'ayinsa. Kilinik ɗin manya cike yake da masu ciwon da ya fi tsanani, wanda ya shigo da kaya masu guga yana cewa ba ya gama aikin ofis ana iya ba shi minti goma.

Sista_Nyanya:
Wannan ne ma ya sa ban yarda a raina Karu ba. Sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa na can sananne ne, kuma asibitin na hukumar Babban Birnin Tarayya ne, don haka mai inshorar FHIS, wato ta Babban Birnin Tarayya, hanyarsa ta fi sauƙi ta nan. Daga Kubwa da safe, in ka wuce mahaɗar AYA kana fita ne mutanen Nyanya da Mararraba suna shigowa, cunkoson yana ɗaya hannun. Dawowa da rana ma haka.

Dan_Lamingo:
Sista, kafin ya kai AYA ɗin fa? Ai sai ya sha na hanyar Kubwa tukuna.

Mai_Fayil:
Kowanne ya zaɓa sai ya yi sammako. Ana tattara katunan kilinik da sassafe, wanda ya zo goma da rabi yakan tarar an rufe karɓa.

Dan_Kubwa34:
To batun Barnawa fa? Tashar jirgi tana nan Kubwa, ina ganin asibitin da aikinsa ke nan kacokan zai fi.

Mai_Famasi:
Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa aikinsa ke nan, babu musu. Amma ka yi lissafin bayan tantancewa, don nan ne aikin yake. In aka ce kana da shi kuma aka fara magani, ba a ba ka takarda ɗaya a ce sai baɗi. Ana farawa da kaɗan a riƙa ƙarawa, kana dawowa duk mako biyu zuwa huɗu har a dace. Ka ga jirgi zuwa Rigasa, abin hawa zuwa Barnawa, layi, dawowa, yini guda ya tafi kowane zuwa.

Magungunan da aka fi samu iri biyu ne. Na farko methylphenidate, wanda aka fi sani da Ritalin ko Concerta. Mai gajeren aiki ana fara babba da miligiram 5 sau biyu ko uku a yini, kowace ƙwaya tana aiki awa uku zuwa huɗu. Concerta ana farawa da 18 sau ɗaya da safe, akwai 27 da 36 da 54, tana kaiwa wajen awa 12. Ba a raba ta, ba a tauna ta, don an gina ƙwayar ne ta riƙa sakin magani a hankali, kuma in ka ga ɓawonta a bayan gida ba matsala ba ne. Wannan magani yana cikin waɗanda yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1971 ta sa wa takunkumi, NAFDAC ke ba da izinin shigo da shi, famasi kuma sai ta rubuta kowace fitarwa a rajista. Shi ya sa yake yankewa a kasuwa, kuma ba kowace famasi ke ajiye shi ba. Kemis na unguwa ba shi da hurumin sayar da shi sam. In ka gan shi a can, ka yi zargin jabu ne.

Na biyu atomoxetine, wato Strattera da 'yan'uwansa. Babba ana fara shi da miligiram 40, a kai 80 bayan kamar mako guda. Ba ya cikin masu takunkumin nan, amma ba ya aiki nan take, sai an yi mako huɗu zuwa shida, wani har fiye. Kuskuren da aka fi yi shi ne a sha kwana goma, a ji tashin zuciya, a ce ba ya aiki a watsar. A sha shi bayan an ci abinci.

Don haka a ƙara tambaya ta huɗu a kan ukun Mai_Fayil: famasin asibitin tana da ɗaya daga cikinsu, in babu ina suke tura mutane. Batun inshora kuma, kashi 10 cikin 100 da ma'aikaci ke biya ya shafi magungunan da ke cikin jerin NHIA ne kawai. Ka sa teburin inshora su duba maka jerin kafin ka sa rai.

Dr_Natsuwa:
Ana iya raba aikin. A yi tantancewar a wuri ɗaya, a karɓi rahoto a rubuce, a ci gaba da bibiya a asibitin da ke kusa. Sai dai likita na biyu ba dole ne ya rubuta magani mai takunkumi a kan takardar wani ba, musamman in rahoton layi biyu ne. Rahoto mai amfani yana faɗin alamomin da aka samu, wa ya ba da shaidar yarinta, wane ma'auni aka bi, da abin da aka bincika aka kore.

Mai_Famasi:
Haka ne, Likita. Shi ya sa ni na fi son a fara a inda za a ƙare.

Injiniya_Lugbe:
Ba a yin hoton ƙwaƙwalwa ne a huta da duk wannan tambaye-tambayen? Na ji ana cewa EEG, gwajin nan na siginar lantarkin ƙwaƙwalwa, yana nunawa.

Dr_Natsuwa:
Babu hoto, babu gwajin jini, babu EEG da ke tabbatar da ADHD. Ana yin EEG in ana zargin farfaɗiya, musamman irin wadda mutum ke ɗauke wuta na 'yan daƙiƙoƙi. Gwajin jini kuma don kore wasu abubuwa ne: ƙarancin jini, matsalar ƙwayar maƙoshi mai kawo maƙoƙo, suga. In an ce sai ka yi hoton ƙwaƙwalwa na MRI kafin a yi hira da kai alhali ba ka da ciwon kai mai tsanani, ba ka taɓa buguwa a ka ba, ba ka suma, ka tambayi me ake nema.

Abubuwan da suka fi yin kama da shi a wurin manya su ne rashin barci, ciwon damuwa, fargaba, da shaye-shaye. Mai ƙiba da ke munshari yana shaƙewa cikin barci zai wuni hankalinsa a tarwatse, kuma maiɗakinsa ce za ta ba da wannan labarin, ba shi ba. A faɗi gaskiya game da tramadol, da maganin tari mai kodin, da wiwi, har da yawan kofi da lemon ƙarin kuzari. Ana iya neman gwajin fitsari, kada a ɗauke shi cin fuska. Sannan za a tambaye ka ko ka taɓa yin kwanaki ba ka buƙatar barci, kana jin ƙarfi da yawan magana da kashe kuɗi fiye da ɗabi'arka. Wannan tambayar tana da muhimmanci, don methylphenidate yana iya tayar da irin wannan ciwon in yana kwance.

Kafin a fara magani dole a auna hawan jini, bugun zuciya da nauyi, a tambayi ko kana da ciwon zuciya, ko kana suma in ka motsa jiki, ko wani na jini ɗaya da kai ya yi mutuwar fuju'a kafin shekara 40. In akwai ɗaya daga ciki sai an yi gwajin zuciya na ECG an ji ta bakin likitan zuciya. Bayan an daidaita, awon jini da bugun zuciya duk wata shida da kuma duk lokacin da aka canza yawan magani. Wurin da ya miƙa maka takardar magani a zaman farko na minti goma ba tare da ya ɗaura maka abin awo a hannu ba, ba gata ya yi maka ba.

Baba_Zuba:
To in an rubuta wa mutum a fayil cewa yana zuwa asibitin mahaukata, aikinsa fa? Auren 'ya'yansa fa? Ku yi tunani.

Lauya_Utako:
Baba, ran ka ya daɗe, damuwar tana da tushe, amma doka ta canza. Tsohuwar dokar mahaukata ta 1958 an maye gurbinta da Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu aka bayyana a Janairun 2023. Ta tanadi sirrin bayanan mara lafiya da hana nuna masa wariya. Asibiti ba ya aika wa ofishinka fayil. Inda bayani ke fita shi ne ta hannun mutum da kansa: takardar uzurin rashin zuwa aiki mai hatimin sashen, ko rahoton da ya kai don neman sassauci. In takardar uzuri kake so, ka roƙi a rubuta cewa ka zo ganin likita kawai. Kamfanin HMO kuwa zai ga dalilin turawar, don da shi ake fitar da lambar izini. Wanda wannan ya dame shi yana iya biya da kansa a asibitin gwamnatin, ya bar inshorar gefe.

Sista_Nyanya:
Kuma a daina cewa asibitin mahaukata, Baba, don Allah. Da yawa daga cikin masu zama a bencin nan rashin barci da fargaba suka kawo su.

Ummu_Gwarinpa:
Mai_Famasi, da azumi fa yaya ake yi da maganin?

Mai_Famasi:
A tsara da likita tun cikin Sha'aban. Mai gajeren aiki in aka sha da sahur, kafin ƙarfe tara ko goma ya sake ka, kuma shan sa bayan buɗa baki yana hana barci. Mai dogon aiki in aka sha da sahur yana ɗaukar mutum har wajen la'asar, sai dai yana busar da baki yana kuma rage cin abinci, don haka a ci sahur sosai kafin a haɗiye shi. Atomoxetine ya fi sauƙi, ana iya mayar da shi bayan buɗa baki, amma shi ba a tsallake kwanaki. Mai tafiya Umara ko Dubai da methylphenidate ya riƙe shi a kwalinsa na asali, da takardar likita da rahoto, ya kuma bincika ƙa'idar ƙasar kafin ya tashi, don Daular Larabawa tana neman izini tun kafin a shiga da irinsa. Ko a cikin gida ma kwafin takardar ya zauna a jaka saboda jami'an NDLEA.

Malama_Halayya:
Kada zancen ya zama na ƙwaya kaɗai. Wani za a tantance shi ya ce ba ya son magani, wani hawan jini zai hana. Akwai zaman koyon dabaru da masanin halayya: yadda ake yanka babban aiki ƙanana, ajiye komai a littafi ɗaya maimakon takardu goma, ɗaura ayyuka a kan lokutan salla tunda su ba sa motsi, sa wa albashi umarnin cirewa a banki ran da ya shigo. Wannan ma dalili ne na duba ko sashen yana da masanin halayya da ke ganin mutane a kai a kai, ba mai yin gwaji kawai ya rubuta rahoto ba. A nan asibitin koyarwa yakan ɗan fi, shi ya sa ban cire Gwagwalada daga lissafi ba. Daga Kubwa ta Zuba ba sai ka shiga gari ba.

Mai_Fayil:
Sai dai a tuna asibitocin koyarwa da na tarayya a kan likitoci masu neman ƙwarewa suke tafiya. In ƙungiyarsu ta shiga yajin aiki kilinik yakan tsaya, a ɗage ranaku. Mai shan magani kada ya bari sai saura ƙwaya biyu ya zo sabunta takarda. Kuma ka ɗauki hoton katinka da lambar fayil a waya. Mai neman a duba shi kan mantuwa shi ne ya fi kowa yar da kati.

Injiniya_Lugbe:
Wannan ta ƙarshen ta same ni.

Dan_Kubwa34:
Allah ya saka da alheri. Ni ɗan fari ne kuma kakata ce ta riƙe ni, ta rasu. Takardun firamare ban san inda suke ba. Shi ke nan an rufe ƙofa?

Malama_Halayya:
Allah ya jiƙanta. Ba a rufe ba. Ƙannen mahaifinka ko na mahaifiyarka da suka zauna a gidan, ɗan'uwan da kuka tashi tare, abokin aji, malamin Islamiyya in yana raye, duk suna iya ba da shaida. Akwai kuma fom ɗin Wender Utah mai tambaya 25 da babba ke cikewa game da yarintarsa, yana taimakawa ko da yake bai kai shaidar wani ba. Kafin ranar, ka zauna ka rubuta shafi ɗaya: abubuwa biyar da kake tunawa daga firamare, biyar daga sakandare, biyar daga wurin aiki, kowanne da abin da ya jawo maka. Ka ba maiɗakinka ta rubuta nata daban ba tare da ta ga naka ba.

Dr_Natsuwa:
Kuma ka shiga da shirin jin kowace amsa. Ana iya cewa ADHD ne, ana iya cewa damuwa ce a fara maganinta a sake dubawa bayan wata uku, ana iya cewa duka biyun. In ba ka gamsu ba kana da damar neman ra'ayin wani kwansaltan, a nan ne Barnawa za ta yi maka rana.

Ummu_Gwarinpa:
Ni har yanzu Asibitin Ƙasa na ce.

Sista_Nyanya:
Hajiya, bari ya je teburan nas ɗin ya dawo mana da amsa tukuna. Malam, ka fara da na Karu ran da ba ka da aikin safe, ka tafi da biro.